Sulemana Mai Matse Hoto

A Ayigya Zango, in ka ce Sulemana kawai, za a tambaye ka wanne. In ka ce Mai Matse Hoto kuwa, ko mai tallar koko za ta nuna maka shagon. Da can mai ɗaukar hoto ne a kasuwar Race Course, har wayar hannu ta zo ta kashe masa kasuwa. Sai ya sayi tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar motar haya ta trotro a hawan tudu. Duk mai neman makaranta ko aiki ta intanet, in aka ce hotonsa ya yi nauyi ba zai shiga ba, wurinsa yake zuwa a rage masa.

Ni tela ne, shagona yana jikin nasa. Na sha tsokanarsa cewa wata rana zai matse mutum har ya ɓace. Yanzu na bar wannan wasan.

Yana da hali ɗaya da unguwa take yabo: hoton mace ba ya kwana a kwamfutarsa. Da an gama aiki, a gaban idonta yake goge na asalin. "Amana ce," in ji shi. "Ba za a ce ina tara 'ya'yan mutane ba." Shi ya sa iyaye suke turo 'yan matansu hankali kwance.

Haka Nusrat, 'yar Hajiya Safura mai tuwo, ta zo. Wani ejan ya samo mata aikin gida a ƙasar Larabawa, shafinsa na intanet kuma ba ya karɓar hoto sai ɗan mitsitsi. Sulemana ya ɗauke ta, ya matse, shafin ya ƙi. Ya ƙara matsewa, hoton ya shiga. Nusrat ta leƙa, ta yi dariya.

"Baaba, ina tabona ya tafi?"

Tana da tabon ƙuna a haɓa tun tana rarrafe. Ya goge na asalin, ta yi masa sallama.

Bayan ta tafi, da farko tana kiran gida kowace Juma'a. Daga baya shiru. Ejan ya rufe ofis ya yi layar zana. Wata ƙungiya mai neman 'yan matan da suka ɓace ta ce a aiko hoto tangaram, don a bi asibitoci da shi. Gidan Hajiya ba a ajiye hoto, marigayi mijinta ya hana. Na wayar ƙawayen Nusrat kuwa duk an gyara su da kwalliyar waya, babu tabon. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Ina shagonsa Hajiya ta shigo. Sulemana ya shiga shafin ejan, ya lalubo ɗan ƙaramin hoton da aka tura, ya faɗaɗa shi. Fuskar ta watse, idanun kamar an ɗiga tawada. Hajiya ta ɗora yatsa a haɓar.

"Sulemana, mayar mini da abin da ka cire."

"Hajiya, abin da aka matse ba ya dawowa."

Wallahi na ji tsoro, na kuma ji haushin amanar da muka yi ta yabo.

Makon jiya wata yarinya, Hadijatu, ta shigo da fara'arta. Sabon ejan, sabon shafi, hoto ya yi nauyi. Sulemana ya ba ta labarin Nusrat, ta ce nata ejan mutumin kirki ne. Ya matse, ya tura. Ta tsaya tana jiran ya goge na asalin.

"Wannan zan ajiye wa mamanki," ya ce.