Ankon Uwar Solkem

Ranar da Solkem ta shigo gidana a unguwar Tokwen, nan Lome, sai da ta sunkuya kafin ta wuce ƙofar ɗakin da na ba ta haya. Na dubi surukata Ayele, matar ɗana, na ce, "Wannan ɗaliba aka kawo mana ko gorar kaɗo mangwaro?" Yarinyar ba ta jin yarenmu na Mina a lokacin, ta ga ana dariya ita ma ta yi. Da bakinta ya buɗe sai da ta rama. Ta ce, "Mama Adaku, ba ni ce na yi tsawo ba, mutanen Lome ne Allah ya yi wa rowa."

'Yar Cadi ce, daga wani ƙauye can bayan Mundu. Ubanta ya rasu tun tana ƙarama, uwarta ke dafa giyar dawa tana riƙe gida, Solkem ce kuma 'yar fari. Kawunta Mbairo, mai sayar da kayan mota a Njamena, shi ya turo ta nan makarantar koyon kasuwanci. Da sharaɗi ya turo ta: ƙafarta ba za ta taka gida ba sai da takardar gamawa a hannu. Wai hutu na 'ya'yan minista ne. Don haka duk shekarun da ta yi a gidana, abu guda yarinyar nan take so a duniya, ta sake ganin fuskar uwarta.

Ni ban yi boko ba, ban san me ake zuba musu a kai ba. Abin da idona ya gani shi ne kwat. Cikin zafin Lome, inda ko kadangare ke neman inuwa, sai an sa kwat da siket da ɗan ƙyalle a wuya da takalmi mai tsini, in ba haka ba maigadi ya mayar da kai. Kwat ɗinta guda ne. Ta wanke da yamma, ta goge da safe, ta tattare siket ta haye bayan babur kamar wadda za ta je karɓar sarauta.

Ta dawo ta ce, "Mama, yau an koya mana yadda ake shugabantar ma'aikata."

Na ce, "Madalla. Fara da cikinki, tun daga bakin ƙofa nake jin yana kai ƙara."

Sai ta yi dariya ta jiƙa garin rogo da sukari. In na tura mata akume, tuwon masararmu, da miyar ademe, wato lalo, ta ce ta ƙoshi, in na juya baya in tarar da kwano kamar an wanke. Ranar Asabar su haɗu da ƙawayenta 'yan Gabon da 'yan Kwango, su je su tsaya gaban bankin mutane a ɗauke su hoto a tura gida. Can sai a ga kwat da gilashi, a ce Solkem ta zama babbar mace. Ba wanda ke ɗaukar hoton gari.

Da aka tura su koyon aiki, ta samu wani kamfani a tashar jirgin ruwa. Ta yi musu watanni kyauta. Aikinta sayo wa maigida soyayyar doya da riƙe wa matarsa jaka. Abokan aikin kuma kullum tambaya guda: "'Yar Cadi, kun gama yaƙin ko kin zo hutun rabin lokaci ne?" Da gurbi ya samu, 'yar ƙanwar maigidan aka ɗauka, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa leƙa wurin ba. Solkem ta dawo ta zauna a bakin rijiya, ta cire takalmi tana matsa yatsun ƙafa. Ta ce, "Ba komai, Mama. Ba don su na zo ba."

Ranar Lahadi ita ce sallarta. Uwar ba ta da waya, sai an taso daga coci take zuwa gidan wani malamin makaranta a kira mata Lome. Muryar matar nan ko daga ɗakin girki kana jinta. Sau ɗaya Solkem ta manna mini wayar a kunne. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, muka yi ta surutu muna dariya kamar mun yi tallan gyaɗa tare. Na ce mata 'yarta ba ta cin abinci. Ban san me ta ce ba, amma na tabbata zagin yarinyar ta yi.

Aka kai shekarar ƙarshe, aka sa ranar da za ta tsaya gaban malamai ta kare littafin da ta rubuta. Sutnans suke ce wa abin. A Lome ba a zuwa sutnans kamar maraya. Dangi na yin anko, a zo da furanni, a dafa abinci, a kafa rumfa. Solkem ta roƙi kawun, ta roƙa, har ya yarda uwar ta zo ta mota. Ranar da ya amsa, yarinyar nan ta ɗaga ni sama cak, ni mai jikoki. Na ce ta sauke ni kafin in tsine mata.

Tare muka je kasuwar Asigame ta zaɓi atamfa, shuɗiya mai ratsin ƙwai. Ayele tela ce, ita za ta ɗinka wa kowa. Ta ce, "To uwar taki fa, da me zan auna ta?"

"Solkem ta ce, Yaya Ayele, auna ni ki ƙara kafaɗa. Mai tuƙa tukunyar giya ce."

Ana saura kwanaki, Lahadi ta zo ba a kira ba. Solkem ta kira kawun. Ya ce ai uwar ta riga ta taso tare da wata 'yar kasuwa, ba waya a hannunsu, hanya kuma da nisa, ga Kamaru ga Najeriya ga Binin, ta kwantar da hankali ta yi karatunta. Tun daga ranar, in ta gaji da bita sai ta tafi tasha ta tsaya tana leƙa motocin Kwatano. Ta share ɗaki, ta ari katifa wurina, ta sayo garin gero don kar akume ya ɓata wa baƙuwa ciki.

A kwanakin ne gidana ya cika da kirki. Ɗana Mesan, da suke ce wa Fo Mesan, wato Yaya Mesan, wanda ko ruwan leda bai taɓa saya wa ɗan haya ba, sai ga shi da gasasshiyar kaza wai ta Solkem. Ayele ta karɓe mata wanki. Na ce ikon Allah, ashe addu'ar da nake yi wa Mesan ba ta faɗi ƙasa ba.

Ranar sutnans Solkem ta riga mu fita. Idonta ya faɗa, amma ta ce wataƙila motar ta shigo da hantsi, a bar wa uwar kujera a sahun gaba. Muna shiri na ce wa Ayele ta kawo rigar baƙuwa mu tafi da ita, in ta sauka ta sa a can. Ta yi kamar ba ta ji ba. Na maimaita. Ta shiga shago ta fito da atamfar a ninke yadda aka sayo ta, almakashi bai taɓa ta ba.

Na ce, "Ayele, ke da ba kya kwana da ɗinkin mutum. Me ke nan?"

Sai hawaye. "Mama, matar ta rasu. Zazzaɓi ne, bai ja ba. Kawun ya kira Fo Mesan tun kafin Lahadin nan, ya ce kar a gaya mata sai ta gama."

"Ni kuma fa? Ni katako ce a gidan?"

Mesan ya leƙo yana ɗaura agogo. "Mama, bakinki ba ya riƙe ruwa, kowa ya sani. Makarantar nan sau ɗaya take sa rana a shekara. Yarinya ta gama lafiya, gobe ta hau jirgi, mun shirya mata. Ta je ta ga uwarta, su zauna da dangi su sa ranar jana'iza. Me aka rasa?"

Na zage shi iya son raina, amma maganar tasa ba ta yi mini kama da ƙarya ba. Mu nan mutuwa ba ta gaggawa. Gawar mijina ta kwanta a ɗakin sanyi na asibiti har damina ta wuce, ana jiran ƙaninsa daga Jamus. Sai an buga sanarwa, an fitar da anko, an gyara gida, an yi fenti. Kuma ba a taɓa rufe uwa ɗan fari bai ga fuskarta ba, ko da a bayan teku yake. Wanda ya yi haka ya bar wa jikokinsa abin gori.

Muka je. Na zauna kusa da kujerar da aka bari. Solkem na tsaye cikin kwat ɗin nan nata, tana zuba Faransanci, hotuna na wucewa a bango. Ban ji ko kalma ba, na dai ga duk lokacin da ƙofa ta motsa sai ta waiga. Har wani malami mai sanƙo ya ƙwanƙwasa tebur ya yi magana, ɗakin ya yi dariya. Mesan ya raɗa mini wai cewa ya yi su ne za su ba ta maki, ba ƙofa ba. Ta ba da haƙuri ta ci gaba. Da suka fita suka dawo, kowa ya miƙe, aka ce ta ci, har da yabo. Aka yi tafi, aka cika mata hannu da furanni. Ta rungume ni tana leƙen bayana.

A gida an kafa rumfa, ga jenkume, jan tuwonmu na biki, ga kaji ga kiɗa. Ɗaliban Cadi sun zo da babbansu, wani mai suna Jimasra. Mutanen da na sani da rawa har sai maƙwabta sun yi ƙorafi, ranar sun zauna kamar masu jiran likita. Da aka ci abinci, Mesan ya kira Solkem ɗakina, Jimasra ya biyo su. Mesan ya fara da Faransanci. Na ce, "A ɗakina ba a faɗin mutuwa da bakin Bature. Faɗa mata yadda uwarka za ta ji."

Ya faɗa. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a bakin gado, furannin na cinyarta.

"Yaushe?"

Ya gaya mata.

"Ina zuwa tasha ke nan, kuna kallona."

"Don ke muka yi, ƙanwata. Ga shi kin gama. Gobe ki hau jirgi, ki je ki gan ta, ku sa rana, ki zaɓi akwati da kanki. Mu ma za mu turo wakili."

Ta ɗago ta dube shi kamar ya yi mata wani yare. Sannan ta dubi Jimasra. Shi kuwa ƙasa yake kallo.

Ta ce, "Fo Mesan, wace rana za a sa? Ƙauyenmu ko wutar lantarki babu. Washegari ake rufe mutum, in an daɗe jibi."

Mesan ya ce, "Haba dai. Babu ke? 'Yar fari?"

Jimasra ya ce, "Da an ce tana hanya, da an kai gawar asibitin Mundu an jira ta kwana kaɗan. Ana yi wa na nesa haka. Amma kawun ya ce ba za ta zo ba. An rufe tun tuni, har an tashi zaman makoki."

Mesan ya ce, "Bai gaya mini ba!"

"Ka tambaye shi?"

"Wa ke tambayar irin wannan? Sai ka ce akuya ta mutu?"

Na ce masa ya rufe baki. Shi bai tambaya ba don a garinmu ba a binnewa da wuri, kawun bai faɗa ba don a garinsu ba a ajiyewa. Maza biyu, kowanne da waya mai tsada, sun daɗe suna magana da Faransanci, kowa ya kashe waya yana yaba wa kansa hankali.

Solkem ta kira kawun a gabanmu. Muryarsa ta fito da fara'a, na ji ya ja wata doguwar kalma, Jimasra ya ce barka yake yi mata. Sannan wai ta yi haƙuri, uwarta ma da haka za ta so, shi ba zai iya ɗaukar wata shekarar ba, kuma akwai hoto, an ɗauka kafin a rufe, zai turo. Na fizge wayar. Na gaya masa abin da ya dace da shi da Mina, tun daga kansa har tayoyin da yake sayarwa. Bai ji ba. Ya ce wai a gaida Mama, an gode da riƙo.

A waje kiɗa na tashi, wata maƙwabciya na kiran a fito da mai digiri ta taka. Ba wanda ya tuna ya kashe.

Ba ta yi kuka a gabanmu ba sai bayan kwana biyu, tana wanke kwano. Ta tattara kayanta a hankali, ta raba wa ƙawaye littattafai. Mesan ya yi ta zarya a ƙofarta da tikitin jirgi a hannu, don abin ya tsaya masa a wuya. Har da cewa in ta tashi da safe, kafin la'asar tana Njamena.

Ta ce, "Fo Mesan, na gode. Mayar musu da abinsu. Jirgi na wanda ake jira ne."

Ni na raka ta tasha. Ta shiga motar Kwatano, gwiwoyinta na tokare da kujerar gaba. Na miƙa mata ƙunshin soyayyen kifi ta taga, ta ce ta ƙoshi, na jefa mata a cinya. Na ce in ta isa ta kira. Ta ce to.

Jimasra ne ya gaya mini daga baya cewa ta kwana ɗaya a ƙauyen, an nuna mata wurin, ta wuce. Ba ta je shagon kawun ba, ko da yake ya riga ya sa an yi mata tebur. Tana Mundu, tana koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata, ƙannenta na hannunta. Har yau ba ta kira ba, ni kuma ban ga laifinta ba.