Rumfar da Goggo ta je ta tarar an kwashe

Har yau in na ga riga mai ruwan hoda sai na ji raina ya ɓaci, ni kuwa tela ce, ba ni da ikon ƙin wani launi.

Shagona yana unguwar Turaki, bakin titi, don haka a idona aka yi tattakin wayar da kai kan ciwon dajin mama a watan Oktoba na wata shekara. Mata da maza cikin riguna iri ɗaya masu ruwan hoda, mota a gaba da lasifika ana cewa kowace mace ta duba mamanta, ciwon daji ba ya sallama. Suka kafa rumfa a wani fili, aka ce gwaji kyauta ne. Na leƙa. Masu ɗaukar hoto sun fi ma'aikatan jinya yawa, kuma labulen da aka kare wajen gwajin da shi ko zanin jariri ya fi shi kauri.

Wannan makon wayata ba ta huta ba. Matan unguwa sun san ina karatu kuma ba na rabuwa da data, sai su zo kamar karɓar ɗinki, su zauna, su yi ta kame-kame, sannan a ce in duba wa "wata mata" abu kaza. A wajenmu mace ba ta cewa nata jikin ne. Kullum wata ƙawa ce, ko wata maƙwabciya a Kachalla Sembe. Ni ma ban taɓa tambaya ba, don haka aka saba.

Cikin masu zuwa har da Goggo, ƙanwar babana, mai sayar da garin masara a kasuwa. Ta zauna kan buhun ƙyallaye ta ce, "'Yata, duba min. Wata mata ne, ta ji abu kamar ƙwallon goruba a gefen hagu. Ba zafi."

Na rubuta tambayar a intanet da Hausa, don da Hausa ta tambaye ni. Abin da ya fito ba likita ba ne. Masu magani ne reras, kowa da bidiyonsa da lambarsa, wannan na rantsuwa garinsa na narkar da ƙari, wancan na cewa duk wadda ta yarda aka sa mata wuƙa ta gama yawo. Ashe su ma sun san watan, sun shirya masa fiye da masu tattakin. Na ce mata waɗannan 'yan damfara ne, matar ta je rumfa a duba ta. Goggo ta karɓi wayar ta ɗan riƙe, ta ce to, za ta faɗa mata.

Wata ya ƙare, magana ta mutu. Matan da suka hana ni sakat suka koma tambayata sabon yayin ɗinki da rigimar wasu 'yan fim. Ba wadda ta ƙara ambatar mama. Ni ma na ɗauka an wuce wajen.

Sai da azumi ya zo, Goggo ta kawo atamfar sallah ta ce in yi mata da tsohon awo, in ƙara faɗi. Na ce wane irin tsohon awo, ga ki ga ni? Na miƙe da tef, ta ja da baya. Da na matsa sai wani wari ya buge ni, na ganye da aka kwaɓa da man shanu, da wani abin a ƙarƙashinsa. Na sakaya ƙofar shago na ce ta buɗe. Ba zan rubuta abin da na gani ba.

Cikin kuka nake mata faɗa. Na ce, "Goggo, ba na ce a je rumfa ba?"

Ta ce ta je. Ranar farko ta tsaya daga nesa, ta ga maza da kyamara a bakin labule, ta ce ita mai jikoki ba za ta tuɓe a nan ba, bari taro ya ragu. Da ta koma bayan 'yan kwanaki, fili ne kawai da ledojin ruwa. Lambar da ke jikin takardar da suka raba ta sa an kira mata ya fi a ƙirga, kullum a kashe. Lambar mai garin magani kuwa, wadda ta haddace daga wayata, bugu ɗaya ya ɗauka, har da "Hajiya, kwantar da hankalinki".

Wannan shi ne abin da ke ci min rai. Ku masu tattaki, kun zo da ganga kun tayar wa mata da hankali, kun ce su taɓa su ji, sun taɓa sun ji, sannan kuka naɗe tabarmarku kuka tafi da hotuna. Wanda ya zauna ya jira su shi ne ɓarawo. Da kun bar ma'aikaciya ɗaya tak a wani ɗaki mai ƙofa, da kun bar wayar a kunne, da ba haka ba.

Bayan sallah muka kai ta asibiti a nan, suka tura mu wani babba a wata jiha. Likita ya duba ya ce abin ya kai hammata, dole a cire maman gaba ɗaya, kuma ko an cire ba zai yi mana alkawarin komai ba. Muna fitowa wata ma'aikaciyar jinya, yarinya ƙarama, tana cire safar hannu ta ce, "Haba Mama, me ya sa kuke zama a gida sai abu ya lalace? Duk wayar da kan da ake yi ba ku ji ba ne?"

Na buɗe baki zan wanke ta tas, Goggo ta riƙe min hannu. Ta gyara mayafinta a hankali, ta dubi yarinyar.

"Na ji, 'yata," in ji ta. "Na zo ma. Ku ne ba ku nan."