Yaya na hutun jego a Iceland

"Kwana huɗu ke nan in mun yi waya ta bidiyo ina ganin yayanka a gida da rana tsaka. Korarsa aka yi?"

Inna ce ta tare ni da tambayar jiya a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Ni na gama digiri ban samu aiki ba, shi ne ke riƙe da gidan daga Iceland.

Na kira shi ta bidiyo, ya ɗauka da jaririya a kafaɗa.

"Inna, hutun haihuwa nake. A nan uba ma ana ba shi watanni, kuma ana biyansa."

"Kai ka haihu?" in ji Inna.

Sai da na bincika sau biyu. Gaskiya ne, dokar ƙasarsu ce. Ni kuwa da aka haifa shekarar da soja suka miƙa mulki, ko ranar sunana sai da Baba ya leƙa ofis.

Inna ta gyara zama.

"To tunda ba ni kusa, tashi ka ɗora wa matarka ruwan wankan jego."

Ya tashi kuwa.

Maza, da a Kano ake ba da hutun nan, gida za ku zauna ko majalisa?