Ranar da Muka Rataye Gida a Balad

Ban taɓa mantawa da wata Talata ta watan Sha'aban ba, ranar da na karya kumallo a ƙarƙashin bene mai hawa huɗu bayan mun zare masa ƙafa ɗaya. Ku da kuka zo bana kuna jin ana kirana Injiniyan Ful, gara ku ji labarin daga bakina kafin direbobi su ƙara masa gishiri.

Lokacin ina shekarata ta biyu a Jidda. Muƙamina injiniyan wurin aiki, wato mutumin da idan abu ya yi kyau a yaba wa ofis, idan ya ɓaci a nemo sa hannunsa. Sama da ni akwai mudir, wato manajanmu, Ustaz Nabil, mutum mai ƙamshin turare da tsoron takarda. Kamfaninmu ya samu aikin gyara wani tsohon gida a Balad, tsohon garin nan da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Gida ne irin na da, mai tagogin katako da ake kira roshan, waɗanda suka turo ciki kan titi kamar masu son jin gulma. An ce alhazai ne ke sauka a cikinsa idan sun fito daga jirgi, kafin su kama hanyar Makka. A bangon wani ɗaki na hawa na uku na ga an karce da ƙusa, da ajami: "Mun iso lafiya." Babu suna, babu shekara. Tun asali mutanenmu ba sa son cike takarda.

Ga wanda bai san ginin Balad ba, da dutsen teku aka yi shi, suna kiransa mangabi. Ramuka gare shi kamar soso, kuma zarto yana yanka shi. Bayan 'yan jeruka na dutse sai a kwantar da katako a tsawon bangon, kamar azara, sannan a ci gaba. Sunan katakon takalil. Da na fara ganinsa na ɗauka ado ne, kuma haka na rubuta a rahotona na farko, da Turanci mai kyau.

Kuskuren da ya jawo labarin nan nawa ne ni kaɗai. Na ga ƙasan bangon gabas yana zubar da gari, sai na ba da umarni a shafe shi da siminti, yadda za a yi a Zariya a ce an yi gyara. Bango ya yi sumul, na ɗauki hoto na aika ofis, aka ce masha Allah. Abin da ban sani ba shi ne dutsen teku numfashi yake yi. Yana shan danshin Jidda, wanda ku ma kun san yadda yake manna wa mutum riga a baya, ya kuma fitar da shi ta farar ƙasar da aka shafe shi da ita. Ni kuwa na toshe masa hanci. Wata bakwai gishiri yana cinsa ta ciki, sai ga tsaga ta taso daga ƙasa ta nufi hawa na biyu.

Ƙa'ida ita ce idan tsaga ta bayyana a tsohon gini, a sanar da kwamitin duba gine-gine. Su zo su gani, su rubuta ɗaya daga cikin biyu: gidan yana gyaruwa, ko yana gab da faɗuwa. Idan suka rubuta na biyun, halas, magana ta ƙare, sai a zagaye shi da jan ƙyalle a sauke shi. Aka sa mana Talata bayan la'asar.

Ustaz Nabil ya kira ni, ya sa aka kawo gahawa, abin da bai taɓa yi mini ba.

"Ya Muhandis Sani," in ji shi, don haka suke kiran injiniya, "ka rubuta cewa gidan ya tsufa. Tsufa ba laifin kowa ba ne."

Shawara ce mai daɗin ji. Da na bi ta, gidan zai tafi, simintina ya tafi tare da shi, ba wanda zai tona. Na ce ya ba ni kwana biyu.

Na koma Balad na sami shugaban maginanmu, Mu'allim Bakur. Bahaushen Sudan ne, kakansa ne ya shigo Jidda, shi a nan aka haife shi, gidansa na unguwar Sa'alaba, ya kuma haura saba'in. Ranar da na sa a yi simintin kallona kawai ya yi, ya ce "Tayyib," ya juya. Tun daga nan bai ƙara ba ni shayi ba.

"Baba Mu'allim, gidan nan zai tafi ke nan?"

"Wa ya ce? Gida lafiyarsa lau, ya waladi. Takalminsa ne ya ruɓe, kuma kai ka saya masa."

"To yaya za a yi?"

"A rataye shi."

Ya ja ni bakin bangon, ya buga katakon da na kira ado. Ya ce aikin sunansa ta'aliƙ. A tokare katakon da ginshiƙai ciki da waje, nauyin benen ya koma kansu, a zare ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙasa, a jera sabo. Waɗanda suka gina garin sun san dutsensu zai ruɓe wata rana, sai suka bar wa jikoki hanyar canja shi ba tare da an taɓa rufi ba. Na tsaya ina kallon katakon. Shekara biyar na yi a jami'a, ga darasi a kwance a bango ina wuce shi kullum.

"Ka taɓa yi?"

"Kakana a ka ya ɗauko irin dutsen nan daga bakin teku. Babana ya rataye gidaje ba adadi. Ni na yi uku. Biyu suna nan tsaye."

"Na ukun fa?"

"An yi wurin ajiye motoci a gurbinsa. Ba ni na kayar da shi ba."

Kwana biyu na yi ina lissafin nauyi: na bango, na katako, na abin da kowane ginshiƙi zai ɗauka. Lissafi ya ce zai yiwu, amma da muryar da ba ta cika ƙarfi ba. Na rubuta rahoto, na faɗi maganar siminti da sunana, na sa hannu a kan tsarin ratayewa. Ustaz Nabil ya karanta har sau biyu.

"Sa hannunka, lasisinka, iƙamarka ta zama a ƙasar nan," ya ce. "Ni ranar Talata ina da taro a Riyad."

Ban taɓa jin labarin taron ba sai a lokacin.

Ranar Talata muka fara da an fito sallar asuba, da niyyar mu rufe ramin kafin la'asar, kwamiti ya tarar da sabon dutse. Muka fitar da kowa daga gidan, muka tare lungun. Aka kafa ginshiƙai goma sha biyu, aka ɗaure su har suka ɗauki katakon. Na manna ma'aunina mai allura a kan tsagar, don in bango ya motsa ko da kaurin gashi ne in gani. Mu'allim ya hau hawa na uku da kansa, ya ajiye kofin shayi cike har baki a kan dandamalin roshan, ya sauko.

"Naka ma'aunin yana da batir?" ya tambaye ni.

"Babu."

"Kwayyis. To sun zama biyu."

Aka fasa simintina. Abin da ke bayansa ya zubo kamar garin rogo. Da aka zare dutse na farko mai lafiya, gidan ya yi wata ƙara can cikin katako, doguwa, irin ta tsoho idan zai miƙe daga tabarma. Allura ta yi rawa ta tsaya. Mu'allim ko ɗaga kai bai yi ba, sai "Yalla, na biyu."

Kafin hantsi lungun ya cika. Mai turaren da ke makwabtaka ya rufe shago ya kawo kujera. Wasu masu Umara da suka zo sayen dabino suka manta da dabinon, suka ɗaga wayoyi. Wani dattijo mai sanda yana ba jama'a labarin yadda aka yi irin wannan a lungunsu zamanin yana saurayi, wani kuma yana ƙaryata shi da shekara. Hatta kyanwoyin Balad, waɗanda ba sa girmama kowa, sun jeru a kan katanga. Dutse na fita, jama'a na kabbara a hankali, kamar masu tsoron kada murya ta ture gini. Can sai ga rami: tsawon kamu takwas, tsayi zuwa ƙirjina. Kana tsaye a titi kana hango cikin ɗaki, bene mai hawa huɗu yana zaune a kan iska da ginshiƙai. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro kamarsa ba. Na ji kamar in yi guɗa, sai na tuna ni ne injiniya.

Saura a shiga a jera sabon dutse. Na ce yalla. Ba wanda ya motsa. Magina shida suna riƙe da cokulan gini, suna kallon Mu'allim.

Shi kuwa tabarma ya ɗauko, ya sunkuya ya shimfiɗa ta a tsakiyar ramin, daidai ƙarƙashin katakon. Aka miƙo masa kwanon ful, waken nan da ake dakawa da mai, da tamis, gurasarsu mai faɗi, da zafinsa daga tanderun bakin lungu. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa.

"Bismillah, Muhandis."

"A nan?"

"Magini ba ya shiga ƙarƙashin bango sai ya ga mu'allim ya ci abinci a wurin. Haka babana ya yi. Kai kuma ka sa hannu. Hannun yana ofis yana shan sanyi. Kan fa?"

Mutum wajen ɗari suna kallona. Na gyara hular kwanona, wadda aka ƙera don tsakuwa ba don bene ba. Na tuna matata a Sharafiyya, na tuna lissafina, na sake bin sa a ka tun daga farko ban sami kuskure ba, ban kuma sami natsuwa ba. Na sunkuya na shiga.

Lomar farko ba ta da ɗanɗano. A ta uku wata 'yar tsakuwa ta faɗo cikin kwanon. Mu'allim ya tsince ta ya yar.

"Gaisuwa ce," in ji shi. "Ci."

Kafin mu kai rabin kwano maginan shida sun shigo, uku dama uku hagu, sun fara kwaɓa farar ƙasa suna tsokanar juna. Ɗaya ya ce ashe Muhandis yana da ciki, shi ya ɗauka takarda yake ci.

Muna cikin haka jama'a suka dare. Na ga takalma masu sheƙi guda uku sun tsaya a bakin ramin. Kwamiti ne. Sun gama wani aiki da wuri, suka ce bari su biyo kafin cunkoson azahar. Shugabansu wani Dakta ne mai furfura, farar rigarsa ko ƙura ba ta san ta ba. Ya sunkuyo.

"Wane ne injiniyan wurin nan?"

Bakina cike da tamis, na ɗaga hannu.

"Me kuke yi?"

Na haɗiye. "Muna rataye gida, ya Dakta."

Ya dubi tarin siminti da ke gefe. "Wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

Ya miƙo hannu, na ba shi takardun lissafi, da shaidar mai a kusurwa. Ya karanta a tsaye, shafi bayan shafi. Ya zagaya ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa. Ya duba allurata, ya tambayi inda take da safe, na nuna masa. Mu'allim ya ce masa da Larabci akwai wani ma'aunin a sama. Daktan ya aiki ɗaya daga cikin mutanensa. Can sai ga shi ya sauko.

"Shayi ne, ya Dakta. Bai zube ba. Amma ya huce."

Daktan ya ce shekara da shekaru yana koyar da ta'aliƙ daga littafi, bai taɓa ganin sa da ido ba. Sai ya tattare farar rigar nan da hannu biyu, ya sunkuya.

"Ku matsa mini."

A nan, a kan gwiwarsa, ƙarƙashin hawa huɗu, ya rubuta cewa gidan yana gyaruwa, da sharaɗin a kankare duk simintin da ya rage, a kuma bar ginshiƙan har farar ƙasa ta kama. Ya sa hannu, ya yagi tamis. Lungu ya kaure da tafi, mai turare ya fesa wa kowa abin da ba a saya ba.

Dutse na ƙarshe ya shiga kafin magariba. Bayan sati shida muka sassauta ginshiƙan, gidan ya zauna a kan sabon takalminsa ko tari bai yi ba. Ustaz Nabil ya dawo daga Riyad, ya sa aka buga hoton ramin aka rataye a ofis, da rubutu a ƙasa game da hangen nesan kamfani. Mu'allim Bakur ya koma ba ni shayi.

Abin da na koya bai da yawa. Na farko, tsohon gari ba jahili ba ne. Idan ka ga abin da ba ka gane ba a bango, tambayi wanda kakansa ya ɗauko dutsen kafin ka rubuta Turanci. Na biyu ya fi damuna idan na je gida hutu. Nakan ga gadar da aka buɗe bara ta buɗe baki bana, da ajin makarantar da rufinsa ya riga ɗalibai fita. Sai in ce da za a ara mana dokar Mu'allim, duk wanda ya ba da aiki da wanda ya sa hannu su karya kumallo a ƙarƙashinsa ranar buɗewa, su da hulunansu, da an rage jawabi an ƙara ƙarfe. Ni dai tun daga ranar, duk takardar da aka kawo mini, sai na tambayi kaina ko zan iya cin ful a ƙarƙashinta.

Gobe da asuba za mu zare bangon kudu na gidan da ke bayan kasuwar zinariya. Wanda ya sa hannu a cikinku ya san kansa. Kada ya karya a gida.