Ranar da Aka Kawo Ƙwaƙwalwa Zaurenmu

Mahaifiyata ba ta da abin da za ta nuna wa duniya sai sallarta. Gidanmu a Birni yake, tsohuwar unguwar Damagaram, cikin wani lungu mai rairayi bayan rumfunan dukawa, kuma tun rasuwar babanmu ba wani abin kirki da ya rage a cikinsa sai ita. Inna in ta kabbarta sallar la'asar, ko akuya ce ta shiga ɗaki ta cinye tsaba ba za ta sani ba. Takan daɗe a sujada, ta ɗago da hawaye, ta zauna shiru fuskar nan tas. Ta sha gaya mini cewa a wannan zaman ji take ana saurarenta. Shi ya sa matan unguwa suke kawo mata jarirai masu yawan kuka ta yi musu tofi, har daga Hamdara, garin dangin uwarta, akan zo mata da yaro a goye. Ko goro ba ta karɓa sai an matsa mata.

Tana da wani magani. Bayan haihuwar autanmu ta yi atuni mai tsanani har aka fid da rai, sai wani ya kawo mata 'yar kwalba daga kantin Turawa, ruwan ciki launin shayi, yana ƙamshin kafur. Ya tsayar da cikin. Tun daga nan take shan cokali guda kullum bayan azahar, tana ce masa maganin ciki. A zamanin kamar sabulu ake sayar da shi, ba mai tambayarka takarda. Ni a lokacin ina aikin unguwarzoma a likita, kamar yadda muke ce wa asibiti a Damagaram, na kuma san akwai abin sa maye a kwalbar. Ban ga dalilin tayar wa tsohuwa hankali a kan cokali guda ba, har yau kuma ban gani ba.

Wanda ya ga dalili shi ne yayana, ɗan farinta. Komi ne, wato magatakarda, a biron kumandan, ofishin Baturen da ke mulkin gari, kuma tun ranar da ya sa takalmi mai ƙara ya daina jin Hausa sosai. Ko kaji zai kora daga gabansa da Faransanci yake kora.

A 'yan shekarun nan na gab da mulkin kai ne Turawa suka farga cewa giya za ta halaka mu, bayan su da kansu suka cika kantuna da ita. Aka kafa kwamitin yaƙi da shaye-shaye a garinmu, aka naɗa Yaya sakatare. Komi-komi ne da malaman lakwal, wato makarantar boko, suna zama a bariki duk Alhamis da yamma, kuma abin da suke jiƙa maƙogwaro da shi in an tashi ba kunun tsamiya ba ne. Mutum ɗaya ne a cikinsu na san bai taɓa kai ta bakinsa ba, wani Kirista mai yin allura a wurin aikinmu, shi kuwa ɗaukar benci suka ba shi. Sun liƙa hotunan ruɓaɓɓiyar hanta a jikin garu da rubutun Faransanci, a unguwannin da ba mai karanta shi. Sun je wajen masu sha na gaske sau ɗaya, wani tsohon soja ya biyo su da sanda, ba su ƙara komawa ba.

Ana nan sai ga wani lokotoro, wato dokta, Bature daga Dakar, wai masanin ƙwaƙwalwa ne da jijiyoyi, yana binciken abin da kayan maye ke yi wa kan baƙar fata. Ya nemi kwamiti ya kawo masa mutanen da zai duba. Nan fa ido ya raina fata. 'Yan kwamiti suka yi ta kallon juna, alhali da ya duba su kaɗai ma da ya cika jakarsa. Sai Yaya ya tuna da kwalbar Inna. Ya gaya wa baƙon cewa akwai wata tsohuwa mai ibada, ba ta taɓa sanin ƙofar gidan giya ba, amma shekara da shekaru tana shan abin nan kullum. An ce lokotoro har tashi tsaye ya yi don murna.

Da safe Yaya ya tare ni a ƙofar gida ya gaya mini za su zo.

Na ce, “Yaya, don girman Allah ka bar Inna da cokalinta.”

Ya ce, “Ke kin yi lakwal amma lakwal ba ta yi ki ba. Wannan siyans ce, kimiyyar Turawa, ba wasan mata ba.”

Na ce, “In siyans ce ka ba shi naka kan ya auna. Ranar Juma'a da safe zai fi samun abin rubutawa.”

Ya kaɗa ƙurar wandonsa ya wuce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya san ba za ta ƙi ba. Ɗan fari ne, Inna tana jin kunyarsa irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta yi masa gardama. In tana da magana da shi, ni take gaya wa ko da yana tsaye a wurin. Mutumin da ke cewa al'adunmu duhun kai ne, ran nan da al'adar ya kama ta. Ya aika cewa ta fito zaure ta gaisa da baƙo, ta yafa mayafinta ta fito.

Lokotoron ba shi da rashin ladabi, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Ya haska mata 'yar fitila a ido, ya ƙwanƙwasa mata gwiwa da wata 'yar guduma, ya sa ta miƙa hannuwa ya ga ko suna rawa. Irin duban da mai sayen rago yake yi ne, a hankali, ba mugunta. Lokotoro yana tambaya, Yaya yana fassarawa, Inna kuma tana juyowa wajena tana amsawa.

Ya tambayi abin da take ji in ta sha maganin.

Ta ce da ni, “Gaya wa yaron nan ya gaya wa baƙo, ciki kawai yake kwantar mini.”

Ya ce ba ta jin wani sanyi a rai, ko nauyi ya sauka?

Ta yi murmushi ta ce, “Wannan ai ba na magani ba ne. A sallah nake samunsa.”

Sai ya tambayi lokacin cokali da lokacin sallar. Da aka gaya masa ya gyaɗa kai, ya dubi Yaya, ya ce da Faransanci daidai lokacin ne maganin ke kaiwa ƙwaƙwalwa. Na ji, don ni ma ina jin harshen. Na zuba wa Yaya ido ina roƙonsa ba tare da na buɗe baki ba. Mai fassara a biron kumandan kullum haɗiye magana yake yi, aikinsa ke nan. Sau nawa kumandan ya zagi mai gari, shi ya mayar da zagin gaisuwa? Da ya ce baƙo na yi mata fatan ƙarin lafiya, da an tashi lafiya.

Amma ga Bature yana kallo, kuma ga akwatin kwamiti a gefensa. Ya buɗe ya ciro wata ƙwaƙwalwa ta farar ƙasa da aka shafa wa fenti, wadda suke yawo da ita makarantu. Ya ɓare ta gida biyu kamar goro, ya durƙusa a gaban uwarsa, ya ɗora yatsa a wani lungu.

Ya ce, “Inna, kin ga nan? Irin wannan ce a kanki. Maganin nan naki barasa ce aka jiƙa wani abin maye a ciki, ofiyom sunansa. In kin sha, nan yake zuwa ya taɓa. Sanyin nan da kike ji a sallah, da hawayen, duk daga nan suke fitowa. Ba wani abu ba ne, magani ne ke aikinsa.”

Ya faɗa yana waiwayen lokotoro, kamar ɗan lakwal da ya kawo hadda ba kuskure.

Inna ta daɗe tana kallon abin da ke hannunsa. Sannan ta juyo wajena.

Ta ce, “Giya ce?”

Na ce, “Inna, magani ne.”

Ta ce, “Ce miki na yi giya ce?”

Na sunkuyar da kai. Ta ce in ba baƙo goro, in ce masa ta gode da zuwa, ta tashi ta shige.

A bakin ƙofa lokotoro ya tuna ya ce kada a bari ta daina gaba ɗaya, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Yaya na fama da rabin ƙwaƙwalwar da ya ƙi shiga akwati, yana cewa “wi, wi” ba tare da ya ɗago ba. Kafin in isa cikin gida Inna ta tuttule kwalbar a rariya, tana tsugune tana goge cokalin da toka.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Hamma da majina, gumi da sanyi a lokaci guda, zawo, ƙafafu suna fizga har sai na danne su da jikina. Na roƙe ta ta yarda da ko ɗigo a ruwa, ta juya wa bango fuska. Na ɗauka ba za ta tashi ba. Yaya ya zo sau ɗaya da gwangwanin madara, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce warin ɗakin ya yi yawa a buɗe taga. A zaman kwamiti na gaba aka sanar da cewa sun raba mutum guda da maye, aka yi wa sakatare tafi. Lokotoro ya koma Dakar, na ji an ce ya sa labarinta a cikin bincikensa. Ban karanta ba, ban kuma nema ba.

Ta tashi, ta rame, ta koma dakanta da shararta. Na ɗauka damuwarta zunubi ne, sai na je na roƙo limamin unguwa ya zo. Ya zauna a zaure ya yi mata bayani da kyau, ya ce wanda bai sani ba babu laifi a kansa, sallolinta sun yi, ba sai ta rama ko ɗaya ba. Ta ce ta ji, Allah ya saka. Yana fita na gane ba wannan ce tambayarta ba.

Sallah ba ta taɓa wuce ta ba, amma ta zama gajera. Ta yi sallama, ta shafa, ta tashi. Matan da ke kawo jarirai kuwa ta fara mayar da su. Na ji ta da kunnena tana ce wa wata da ta taso tun daga ƙauye a ƙafa, “Ki kai shi likita, 'yar nan. Ni ba ni da komai a baki.”

Aka sami mulkin kai, aka yi kiɗa, Yaya ya sami babban biro a Yamai. Kwamiti ya watse ba wanda ya lura, kowa ya tafi neman kujera. Har ya tsufa Yaya yana ba da labarin yadda ya ceci uwarsa daga maye, yakan kuma ba da shi ne da kofi a hannu. Na raina mutane da yawa a rayuwata, amma ban taɓa raina wani kamar yadda na raina shi ba, ga shi kuwa ciki ɗaya muka fito.

Wata la'asar na dawo daga aiki na tarar ta idar, tana zaune a kan tabarma. Zaman ya ɗan yi tsawo, har na fara sa rai. Na ajiye jakata a hankali na zauna kusa da ita.

Na ce, “Inna, yau fa?”

Ta girgiza kai. Ta ce, “Ina dai yi. Kamar mai sallama a gidan da aka tashi.”

Ta murza bakin tabarmar, sannan ta ce, “Ke da kika yi karatu, gaya mini tsakaninki da Allah. Da can ɗin, akwai kowa a gidan?”

Na ce akwai. Na rantse mata akwai, na sake rantsewa ina kuka.

Ta ce, “To,” irin wadda ake ce wa yaro don ya yi shiru. Ta naɗe tabarmarta, ta je hura wuta.