Kwalbar da Kawu Ya Mayar Firiji

Shekara ashirin da uku Kawuna ya yi yana kiwon ɓeraye, kuma albashi ake biyansa a kai. A unguwa Mai Ɓera ake ce masa. In ya shigo gidanmu sai mahaifiyata, wadda yayarsa ce, ta ce a rufe tukwane. Ɗakin aikinsa yana can ƙasan ginin bincike na jami'a, babu taga, sai fanka mai zuƙe iska da kejin roba sittin a jere, kowanne da lambarsa. Shi ke ba su abinci, shi ke canza musu garin katako, shi ke riƙe su in za a yi musu allura.

Farfesan da yake yi wa aiki binciken zubar jini a ƙwaƙwalwa yake yi. Sai a sa ɓera barci, a zuba masa ɗan jini a cikin kai, a jira a ga abin da zai faru. Kawu ne mai ganin. Yakan ɗora ɓeran a kan siririn katako ya duba ko zai tsallake, ya rubuta a littafinsa. Bai wuce sakandare ba, amma ya sha jin bayanin da ake yi wa ɗalibai har ya haddace. Lokacin da nake zaune a gidansa ina koyon ɗinki ya taɓa yi mini shi. Ya ce zubar jinin ba ita ce ƙarshen ɓarnar ba. In jinin ya kwana biyu sai ya fara lalacewa, ƙarfen da ke cikinsa ya fito ya riƙa cin ƙwaƙwalwa kamar tsatsa. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan injina masu ba ta wuta, su tsatsar take kashewa. Akwai kuma wasu sinadarai da ake kira furotin masu gadin injinan, su ne Farfesa yake son ƙara wa ƙarfi da wani ruwan magani da ake ajiyewa a firiji.

Wata Talata da hantsi matarsa, wadda muke kira Inna, tana guga, ta ce kanta kamar an buga mata guduma. Ta zauna a ƙasa, bakinta ya karkace. Ta daɗe da hawan jini, ashe ta yi wata biyu da daina shan ƙwayarta saboda tana sa ta jiri, ba ta gaya wa kowa ba.

A asibiti aka ɗauki hoton kai. Likita ya ce jini ya zuba amma ya tsaya, kuma wurin ba na tiyata ba ne, za su saukar da hawan jinin su sa mata ido. Inna tana gane mutane, har ta tambaya ko an kashe dutsen guga. Dangi suka yi ta hamdala. Kawu kaɗai ne ya koma gefe ya jingina da bango. Ya san yadda ɓera yake a rana ta farko, ya kuma san yadda yake komawa a ta uku.

Washegari ya tafi ofishin Farfesa, ni na raka shi. Ya cire hula, ya roƙi a ba shi maganin firiji. Farfesa ya tashi ya rufe ƙofa, ya yi masa bayani a hankali cewa ba a taɓa gwada shi a jikin mutum ba, ba a san adadi ba, ba a san abin da zai yi wa hanta ba.

"Ko mahaifiyata ce ba zan ba ta ba," in ji shi.

"Sai yaushe ke nan, ranka ya daɗe?"

"Shekara goma. In ma ya kai."

Kawu ya mayar da hularsa, ya ce, "Ɓera ɗari huɗu na riƙe maka."

Makullin firijin yana aljihunsa. Sai bayan shekaru ya gaya mini cewa a wannan ranar, da la'asar, ya sauka ɗakin aikinsa ya buɗe, ya ɗauki kwalbar, ba ta fi babban yatsa ba. Ya daɗe riƙe da ita. Ba tsoron kora ne ya sa ya mayar ba. Ya tuna ɓerayen da aka yi wa allurar suka mutu duk da haka, waɗanda shi da hannunsa ya kai su wurin ƙonawa.

Rana ta huɗu ƙwaƙwalwar ta kumbura, Inna ta daina amsawa. Da ta farfaɗo bayan kwana tara, gefen damanta ya mutu, magana kuma ta tafi, sai kalma ɗaya ta rage mata: to. In yunwa take ji, to. In ciwo, to. Haka ta yi shekara biyar, Kawu yana juya ta, yana yi mata wanka kafin ya tafi aiki.

An buga sakamakon binciken, Farfesa ya yi ta tafiye-tafiye a kansa. Wata ɗaliba ta kawo wa Kawu takardar, ta nuna masa layin ƙarshe inda aka gode wa ma'aikatan ɗakin dabbobi. Ya ninke ta ya sa a aljihu. Da ya yi ritaya suka ba shi agogon bango.

Tun rasuwar Inna a shagona yake wuni. Ya sayi na'urar awon jini, duk matar da ta kawo ɗinki sai ya ɗaura mata a hannu, in ya ga lamba ta hau ya yi ta faɗa. Mata da yawa sun kai ɗinkinsu wani wurin. Na kasa ce masa ya bari.