Ranar da Aka Yi wa Basfar Baba Kwalliya

Basfar Baba ta girme ni, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin kukan injinta ba. Tana nan a shagon ƙofar gidanmu a Daura, an lulluɓe ta da tsohuwar tabarma, ita kaɗai a ɗaki mai ƙofa biyu da taga. Ni kuwa ina tsakar gida da keken ɗinkina. In hadari ya taso sai in kwashi atamfofin mutane in ruga ɗakin Inna, in awaki suka kwance sai in yi ta kora da ƙafa ɗaya ina taka keke da ɗaya.

Shagon nake so, ban taɓa ɓoyewa ba. Tun da na gama sakandare na koyi ɗinki nake damun Baba da maganar, amsarsa kuma ba ta canzawa.

"To Uwata, ita kuma in kai ta ina?"

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata, kuma na lura ya fi daɗaɗa sunan in zai hana ni abu.

"A kai wa 'yan gwangwan, Baba."

Sai ya dube ni kamar na ce a sayar da Inna. Daga nan a shiga tarihi: yadda ya zaga ƙauyuka da ita lokacin yana malamin gona, yadda ta kai shi har Mashi, yadda yashi ya kayar da su ta samu wannan ƙarjin na gefe. Na haddace, har wurin da yake tsayawa ya yi tari na sani.

Ana nan sai na gani a waya cewa wasu samari masu son tsofaffin motoci da babura za su yi baje koli a filin wata makaranta ranar Asabar. Ban yi shawara da kowa ba. Na yaye tabarmar, na ɗauki hoto na tura musu. Washegari wani Alhaji daga Kano ya aiko mini da saƙon murya, bakinsa har rawa yake. Ya ce zai zo da kansa, in haka take kamar a hoton zai saya. Ya maimaita sau biyu cewa kada a taɓa ta, ko da sabulu kada a wanke.

Na kunna wa Baba saƙon a gaban Inna don in samu shaida. Da ya gama saurara, sai ya ce, "In ta samu mai riƙe ta da mutunci, shago naki ne."

"Inna, kin ji ko?"

"Na ji. Ku dai ku bar ni in tsince shinkafata."

Ranar Alhamis na tafi Katsina sayen yadi. Da na dawo na tarar shago wayam. Har na fara auna inda zan kafa keke, sai Inna ta ce Baffa ne ya zo ya tura ta. Baffa ƙanen Baba ne, ɗan acaɓa, kuma duk wanda ya san babur ɗinsa ya san abin da ya sa gabana ya faɗi. Babur ɗin Baffa madubi huɗu gare shi, da furen roba, da fitilu masu ƙyaftawa ko da rana tsaka.

Ba su dawo da ita ba sai safiyar Asabar. Da na leƙa ƙofar gida ban gane ta ba. Basfar da na sani ruwan madara ce da ta koɗe. Wannan kuwa koriya ce shar, irin fentin da ake yi wa ƙyauren gida, har ana ganin sawun buroshi. An sa mata sabon sirdi ja mai tuntaye. An ɗaura mata fure. A baya an rubuta "Tsohuwa Mai Aji" da farin fenti, harafin ƙarshe ya rasa wuri ya gangara ƙasa.

"Baffa, me ka yi mata?"

"Kwalliya mana. Ke da kike ɗinka wa mutane kayan biki, ita sai a fitar da ita taro da tsumma?"

"Mutumin cewa ya yi kada a taɓa ta."

Baba ya fito cikin babbar rigarsa ta Juma'a yana gyara hula. "Kara ce irin ta baƙo, Uwata. Ba ya so ya ɗora mana nauyi. Mutum ya taso tun daga Kano ya tarar da ita da tsatsa, ai sai a ce gidan nan ba a san girman baƙo ba."

Inji dai bai tashi ba, don kwalliyar ba ta kai can ba. Baffa ya ɗaura mata igiya a bayan babur ɗinsa, Baba ya hau ya riƙe kan basfar, babbar riga na kaɗawa. Haka suka ratsa unguwa, Baba yana sakin hannu ɗaya yana amsa gaisuwa. Ni na bi su a napep, na ja mayafi har hanci.

Filin ya cika. Ga wata doguwar Marsandi baƙa, ga akori-kura wadda katakon bayanta ya yi furfura, ga mota kunkuru guda biyu, ga manyan babura masu tanki kamar tulu. Dukkansu a koɗe suke, masu su na tsaye suna shafa su da tsumma a hankali kamar masu yi wa jariri wanka. Tamu ce kaɗai ake hangowa tun daga bakin titi. Kuma gaskiya ita ta fi jan mutane. Mata da yara suka yanyame ta ana hotuna, wata ma ta nemi a ɗora mata ɗanta a kan sirdin. Baba ya waiwayo ya dube ni yana murmushin wanda ya ci gardama.

Alhajin ya iso wajen hantsi, ɗan siriri mai tabarau da farin kaftani. Ya wuce basfar bai ko kalle ta ba, ya zo wurina don na ɗaga masa hannu.

"Hajiya, ina take?"

Na nuna masa da baki.

Ya koma ya zaga ta a hankali. Ya durƙusa yana neman ƙarjin gefe, Baffa ya riga ya cike shi ya shafe. Ya kai yatsa ya taɓa, yatsan ya dawo kore, don fentin bai gama bushewa ba. Ya yi salati a hankali, ya dubi Baba.

"Baba, wa ya yi mata wannan aikin?"

Baffa ya matso yana washe baki. "Ni ne, ranka ya daɗe. Da ma lokaci ne ya ƙure, da na sa mata fitilu."

"Tsohon sirdin fa?"

"Na bar wa mai faci yana zama a kai."

Alhaji ya cire tabarau ya goge ido. Ya yi bayani da ladabi cewa fentin da ta zo da shi daga kamfani yake nema, da sirdinta na asali, da wannan ƙarjin, don su ne tarihinta.

"Wato tsatsar ka zo saye?" in ji Baba.

"Kusan haka ne, Baba."

"Tarihin ai ni ne, ga ni a tsaye. Ba ka tambaye ni komai ba."

Alhaji ya ce duk da haka zai iya ɗauka. Yana da mutum a Kano da zai kankare koren nan tas, a cire sirdi da fure, a gani ko za a ceto wani abu.

"A kankare, Alhaji," na ce. "Ni ma zan taya. Yanzu ma in akwai wuƙa."

Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ce wa Alhaji ya gode da tattaki, Allah ya mai da shi gida lafiya, amma wanda zai tuɓe ta ba shi ne mai riƙe ta da mutunci ba. Baffa ya ɗauko igiya.

Da muka koma gida na zaci za a mai da ita shago a rufe maganar. Sai Baba ya ce sam. Yanzu duk gari an san ta, ƙofar shago kuma a titi take, ba zai bar ta a bakin ɓarayi ba. Aka tura ta har cikin ɗakinsa. Ɗakin bai ɗauki gado da basfa tare ba, sai aka fitar da gadon. Ina tsaye Baffa da Baba suka kinkime shi suka nufi shago da shi, da darduma, da rediyo, da buta.

Na bi su. "Baba, ka ce in ta samu mai riƙe ta da mutunci shago nawa ne."

"Na faɗa. Ta kuma samu, ni ne."

"To shago nawa ne ke nan."

"Naki ne, Uwata, wa ya ce ba naki ba ne? Aro na yi."

Na juya wurin shaidata. Inna ta ce ita abin da ta ji ke nan, ba a yi maganar rana ba.

Har yau yana cikin aron. In baƙi suka zo yakan ce musu su shigo shagon Uwata, ya shimfiɗa musu darduma a daidai inda na auna wa kekena.